Haƙƙin Wanda Ba Namu Ba

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiyarmu na shekara, gabanin zaɓen sababbin shugabanni

  Barkanmu da sanyin Ingila.

Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan shugabannin ƙungiyoyi a gida, waɗanda suka kare 'yancin faɗar albarkacin baki da 'yancin addini, da waɗanda suka tauye su. Za mu je can. Amma laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani, saboda haka bari mu fara da ɗakinmu.

Abubuwa biyu sun faru a ƙungiyar nan a shekarar da ta wuce. Na farko, wani ɗan'uwanmu ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa gwamnatin jiharsu ta turo ɗalibai karatu ta manta da su, ba kuɗin makaranta ba na haya. Kafin gari ya waye an cire shi daga zauren, wai don ana sa ran wani babba daga jihar zai yi wa ƙungiya alheri. Na biyu, wata 'yar'uwarmu, Bahaushiya gaba da baya, Kirista, ta roƙi a daina sa taronmu da safiyar Lahadi domin lokacin sujadarsu ne. Amsar da ta samu tambaya ce: me ya kawo ta cikin ƙungiyar Hausawa tun farko? Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Yawancinmu mun ga abubuwan nan biyu, muka yi gum. Har da mu da muke tsaye a gabanku yanzu.

Wannan ne ya sa muke so mu ajiye ma'auni guda ɗaya a gabanku kafin ku jefa ƙuri'a. Kowane shugaba yana kare bakin mutanensa da wurin ibadarsu, wannan ba abin yabo ba ne, aikinsa ke nan. Inda ake gane shugaba shi ne ranar da haƙƙin da ake takewa na wanda ba nasa ba ne, kuma masu takewar su ne mutanensa. Da wannan ma'auni za mu auna mutanen da za mu ambata, da shi kuma muke roƙo a auna mu.

Akwai masu cewa batun 'yancin wa'azi da 'yancin addini baƙo ne, Turawa suka kawo shi. Mu tuna musu da ƙasar Gobir. Lokacin da Sarki Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi wasu abubuwa a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Da Nafata ya hau gadon sarauta sai ya juya al'amarin. Ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya ce wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma kan abin da ya taras, ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi. Abin da ya biyo baya duk mun karanta shi tun muna firamare: hijira zuwa Gudu a 1804, da yaƙin da ya sauya ƙasar Hausa baki ɗaya. Mun saba kiran dokar Nafata zalunci, kuma zaluncin ce. To amma idan zalunci ce ranar da ta faɗa kan jama'ar Shehu, da wane baki za mu yaba wa irinta ranar da ta faɗa kan wani?

Mu gangaro zamanin siyasa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ba da jimawa ba jagorancinta ya koma hannun Malam Aminu Kano. A wancan lokaci ba a yin lacca sai da izinin En'e, En'e tana hannun sarakuna, sarakuna kuwa suna tare da NPC. Mutum zai hau teburi ya soki haraji ko aikin tilas, washegari 'yan doka su kai shi gaban alƙali da laifin taro ba izini ko cin mutuncin sarki, a yi masa bulala ko a ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, ta shiga gidan yari sau da yawa, ta sha duka, laifinta kuwa tara mata tana yi musu maganar ilimi da ƙuri'a. Idan yau talaka a Arewa yana kiran gidan rediyo ya faɗa wa gwamna gaskiya, da bayan waɗancan mutane aka biya kuɗin.

Shugaban ɗaya ɓangaren, Sardauna Ahmadu Bello, shi ne ya nuna mana cewa mutum ɗaya yana iya cin jarrabawa a wani fanni ya faɗi a wani. A ƙarƙashin jam'iyyarsa aka yi wa 'yan adawa abin da muka faɗa. Rangadin musuluntarwa da ya yi a shekarun ƙarshe na mulkinsa ya sa Kiristoci da masu addinin gargajiya da yawa sun ji cewa ƙarfin gwamnati ya karkata gefe guda. Amma shi ɗin ne kuma ya jawo Kiristocin Arewa jiki, ya ba su manyan muƙamai, ya amince musu. Likitansa na kansa Bahaushe ne Kirista da ya yi karatu a Wusasa, Dokta Ishaya Audu, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wanda ya tambayi 'yar'uwarmu me ya kawo Kirista cikin Hausawa, ga amsarsa: mutumin da Sardauna ya damƙa wa lafiyarsa, wanda kuma ya riƙe jami'ar da yawancinmu ko malamanmu suka fito daga cikinta. Darasin da ke nan shi ne kada ƙaunar shugaba ta rufe mana ido. Mu yabe shi inda ya gyara, mu faɗa inda ya ɓata.

Wani zai ce waɗannan manya ne, mu kuwa 'yar ƙungiyar ɗalibai ce, me za mu iya ɓatawa? Mu tuna da Kafanchan. A watan Maris na 1987, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta Kwalejin Ilimi ta garin ta shirya taron wa'azi. Mai wa'azin, wanda a da Musulmi ne, ya taɓo Alƙur'ani a cikin jawabinsa, ɗalibai Musulmi suka ga ya yi ɓatanci, gardama ta zama dambe. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina da Kano. An rasa rayuka, an ƙona majami'u masu yawa da masallatai, an ɓata zaman maƙwabtaka na shekara da shekaru. A harabar makaranta abin ya fara, tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai biyu, masu shugabanni sa'o'inmu ko ma ƙannenmu. Da a ce a wannan yammaci shugabannin ɓangarorin biyu sun shiga tsakani, kowa ya riƙe nasa, wa ya san gida nawa za su tsira?

A jihar Kaduna ɗin kuma muka ga yadda shugaban matasa yake iya juyowa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu jagora ne a ƙungiyar matasan addininsa, kuma a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 suna ɓangarori biyu masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, kowa da dabar zuciyarsa, amma sannu a hankali suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai a Kaduna. Suna cikin waɗanda suka yi aikin yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a 2002. Abin lura a tarihinsu shi ne, mafi zafin suka daga nasu mutanen ta fito, an kira kowannensu maci amana. Duk shugaban da zai kare haƙƙin wanda ba nasa ba, to ya shirya wa wannan suna.

Mu dubi ɗaya gefen, inda ƙungiya take toshe bakin nata. A watan Afrilu na 2022, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, Shaikh Nuru Khalid ya yi huɗuba a masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo, ya soki gwamnati a kan kashe-kashen da ake yi. Ba soja ne ya zo ya sauke shi daga mumbari ba, ba ɗan sanda ba ne. Kwamitin masallacin ne ya dakatar da shi, sa'an nan ya kore shi. Haka yawancin tauye baki yake zuwa a wurinmu, ta hannun kwamiti, da takarda mai ladabi, da sunan kiyaye zaman lafiya. Ku kwatanta wannan da abin da muka yi wa ɗan'uwanmu a zaure, ku gaya mana bambancin in ban da girman wuri.

A Kano kuwa, a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya, daga baya kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta nemi kowane marubuci ya yi rajista, ya kawo rubutunsa a duba kafin ya fita. Shugabannin marubuta, cikinsu har da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka tsaya suka ƙi. Ba kowane littafi da suka kare ne suke sha'awa ba. Sun dai gane cewa ranar da aka ba wani jami'i ikon zaɓar abin da jama'a za su karanta, ba ya tsayawa kan littafin banza.

Yanzu mun zo inda maganar take da nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar 12 ga Mayu, 2022, ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato suka jefe abokiyar karatunsu Deborah Samuel, suka ƙona gawarta, bisa zargin ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a wani saƙon murya da ta tura zauren ajinsu. Fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam, ta yi tir da kisan, ta nemi a hukunta waɗanda suka aikata. Bayan kwana biyu masu zanga-zanga suka nufi ƙofar fadar. Bishop Matthew Hassan Kukah shi ma ya roƙi nasa mutanen su kwantar da hankali, kada su ɗora laifin wasu a kan Musulmi duka. A gefe guda, wani babban ɗan siyasa ya fitar da saƙon Allah wadai, da ya ga ana barazanar hana shi ƙuri'a sai aka goge saƙon. Ga shugabanni uku a mako guda, ga ma'auninmu.

Mun san tambayar da ke zukatan wasunku, domin tana cikin tamu zuciyar: shin ana so mu zuba ido a zagi abin da ya fi mana iyayenmu daraja? Ba haka muke cewa ba. Kare haƙƙin mutum daban, yarda da maganarsa daban. Muna da damar mu ji zafi, mu mayar da martani, mu ƙaurace, mu kai ƙara. Abin da ba mu da shi shi ne damar zama masu ƙara da shaidu da alƙalai da masu zartarwa a lokaci guda a bakin titi. Babu mazhabar da muka karanta a zaure ko a jami'a da ta ba taron jama'a wannan iko. Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A watan Yuni na 2023, a Sakkwaton dai, taron jama'a ya kashe wani mahauci, Usman Buda, bisa irin wannan zargi. Musulmi ne. Ranar da zargi kaɗai ya isa a kashe mutum, to kowa a cikinmu ransa yana hannun maƙiyinsa na kasuwa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin faɗar ra'ayi a sashe na 39, amma takarda ba ta tsayawa a bakin ƙofa ta tare masu sanduna. Mutum ne yake tsayawa.

An kuwa sami wanda ya tsaya. A watan Yuni na 2018, mahara suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato. Limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci. Da maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya durƙusa yana roƙonsu, ya ce sai dai su fara da shi. Ba shi da digiri, ba shi da kundin bincike irin wanda muke fama da shi dare da rana. 'Yan'uwanmu na zangon Gana kuma suna da nasu abin alfahari: babban limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda a bikin Ista na 2019, yana cika shekara ɗari, ya taka har cocin Katolika a Ankara ya zauna da maƙwabtansa. Wasu sun soke shi, rawaninsa bai faɗi ba.

Mu da ke zaune a nan ya kamata mu fi kowa gane wannan karatu, domin a nan mu ne 'yan tsiraru. Muna sallar Juma'a a ɗakin da jami'a ta ware mana, ko a zauren da muka kama haya. Mun ji zafi da Faransa ta hana hijabi a makarantun gwamnati a 2004, mun ji zafi da mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiya a 2009. A bazarar 2024, bayan kisan yara uku a Southport, an yaɗa ƙarya cewa Musulmi baƙon haure ne ya aikata, 'yan tarzoma suka far wa masallacin garin. Da yawanmu mun yi kwanaki ba mu fita da daddare ba, 'yan'uwanmu mata suna tsoron hawa bas da hijabi. A makon nan mun ɗanɗani abin da ake nufi da a hukunta mutum da zargi kawai. Mun kuma ga washegari mutanen unguwar, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, sun fito da bulo da siminti sun gyara katangar masallacin. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihinmu: Musulmin farko da aka tsananta wa a Makka, wurin sarki Kirista suka sami mafaka a Habasha. To idan mun ci moriyar adalcin wasu a ƙasarsu, sa'an nan muka koma gida muka hana coci fili a Kano ko Gusau, ko aka hana masallaci fili a wani gari na kudu muka yi kuka mu kaɗai, ina amfanin tafiyarmu?

Saboda haka muna da buƙatu huɗu ga duk wanda ya tsaya takara yau, kuma muna so ya amsa su a gaban jama'a kafin a raba takardun ƙuri'a.

Ta farko, a rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiya cewa ba za a cire kowa daga zaure ko daga ƙungiya saboda ra'ayinsa ba. Zagi da barazana da ƙazafi su ne iyaka, su ma sai an gaya wa mutum laifinsa a rubuce, an saurare shi, kuma ba mutum ɗaya ne zai yanke hukunci ba.

Ta biyu, duk gudummawar da wani mai mulki ko ɗan siyasa ya bayar a sanar da ita ga kowa, da adadinta. Wadda ta zo da sharaɗin yin shiru a mayar wa mai ita. Gara mu ci gaba da taro da shayi da burodi.

Ta uku, jadawalin ƙungiya ya kiyaye Juma'a da Lahadi, Sallah da Kirsimeti. Ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa da ɗan Shi'a da Kirista, da wanda bai ga damar bayyana mana abin da ke zuciyarsa ba, kowa kujerarsa daidai take da ta ɗan'uwansa. Harshe da gida suka tara mu a nan.

Ta huɗu, sanarwar ƙungiya ta zama mai mudu ɗaya. Idan mun yi ta'aziyyar masu Mauludin Tudun Biri da jirgin soja marar matuƙi ya kashe a Disambar 2023, to mu yi ta waɗanda aka kashe a coci, mu yi ta ɗaruruwan da aka binne a rami ɗaya bayan rikicin Zariya na 2015. Ba sai mun yarda da aƙidar mamaci ba kafin mu ce an zalunce shi.

Akwai kuma wani aiki da ba ya jiran zaɓe. A daren nan a mayar da ɗan'uwanmu zaure. A cikin makon nan kuma mu tashi mutum uku ko huɗu, har da dattijo ɗaya daga cikin iyayenmu da ke nan, mu je har inda 'yar'uwarmu take mu ba ta haƙuri. Tana iya dawowa, tana iya ƙi, wannan nata ne. Namu shi ne zuwan.

'Yan'uwa, nan da shekara goma ko sha biyar wasu daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan za su zama shugabannin jami'o'i, kwamishinoni, alƙalai, shugabannin kwamitin masallaci ko na coci. Wata rana za a kawo muku takarda a ce ku sa hannu a kori wani malami, ko a rufe wani gidan rediyo, ko a hana wasu mutane fili. Hannun da zai ɗauki alƙalamin ranar, a nan yake koyon aikinsa, a ƙananan hukunce-hukuncen da muke yankewa a zauren mutum ɗari biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya sa mu zama mabiya masu faɗar gaskiya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mai da mu gida da ilimi mai amfani.